Wa Ke Kan Dutse? Wasan Neman Ajiya da Ma'aunin Zaman Lafiya a Yammacin Zamfara

Idan hukuma ta tashi bayar da rahoto kan tsaro a Jihar Zamfara, abin da take lissafawa sananne ne: 'yan bindiga nawa aka kashe, makamai nawa aka ƙwato, mutum nawa aka kuɓutar, shanu nawa aka mayar wa masu su. Waɗannan alƙaluma suna da amfaninsu, sai dai suna bayyana aikin da jami'an tsaro suka yi ne kawai, ba sa nuna ko rayuwa ta koma yadda take. Akwai wani ma'auni da ya fi su sauƙi, kuma ya fi su wuyar murɗawa. Shin malamin makaranta a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, zai iya kwasar ɗalibansa ranar Asabar da safe, su fita bayan gari, su hau tudu mafi kusa, su dawo kafin azahar, ba tare da rakiyar soja ba, kuma ba tare da iyaye sun wuni cikin zullumi ba?

Tambayar tana iya yin kama da wasa a wurin da ake binne mutane. Don a ga nauyinta, yana da kyau a duba wani wasa na gaske da miliyoyin mutane ke yi a wasu ƙasashe, da abubuwan da dole su tabbata kafin ya yiwu.

Bokitin da aka ɓoye a Oregon

Tsarin GPS, wanda kowace wayar zamani ke amfani da shi wajen gane inda take, mallakar ma'aikatar tsaron Amurka ne. Taurarin ɗan'adam aƙalla 24 ne ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da na matsayinsa. Idan na'ura ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Har zuwa shekarar 2000, sojojin Amurka suna gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, ta yadda na'ura kan iya kuskure da kusan mita 100. A farkon watan Mayu na wannan shekara, Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina gurɓatawar, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci a dare ɗaya.

Ranar 3 ga Mayu, 2000, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada sabon daidaiton. Ya ɗauki baƙin bokiti, ya zuba littafin rubutu da fensir da wasu ƙananan kayayyaki, ya ajiye shi a wani daji kusa da garin Beavercreek a Jihar Oregon, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya samu ya rubuta sunansa, in ya ɗauki wani abu ya ajiye wani a madadinsa. Cikin 'yan kwanaki aka samo bokitin, wasu kuma suka ɓoye nasu. Haka aka haifi wasan da Turawa ke kira jiyokashin, wanda za a iya kira wasan neman ajiya. A yau akwai irin waɗannan ajiyoyi sama da miliyan uku a faɗin duniya.

Dabarar ta girmi tauraron ɗan'adam. Tun 1854 wani mai yi wa matafiya jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa a tsaunukan Dartmoor na Ingila, domin duk wanda ya isa wurin ya jefa katinsa a ciki. Abin da ke cikin kwalbar ko bokitin bai taɓa zama mai daraja ba. Ribar ita ce tafiyar: ajiyar tana jan mutum zuwa wani dutse, ko rafi, ko kufai, da ba zai taɓa zuwa ba in ba don ita ba.

Wasan yana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko, damar shiga ƙasa: mutum ya iya taka daji ko ya hau dutse ba tare da tsoro ba. Na biyu, amana tsakanin mutanen da ba su san juna ba, domin akwatin ba shi da kwaɗo, kuma mai ɓoyewa ya dogara ne da cewa baƙo zai mayar da shi mazauninsa. Na uku, yarda da cewa ɓoyayyen abu ba lalle ya zama mugun abu ba. Ko a ƙasashen da wasan ya bunƙasa, dokokinsa sun hana a binne ajiya a ƙasa, sun hana a sa ta kusa da wuraren soja, kuma sun wajabta neman izinin mai fili.

Abin da ya haɗa mai hawa dutse da eriya

A ƙasashe da dama, tsaunukan da masu tattaki da masu neman ajiya suka fi so su ne waɗanda ke ɗauke da turken watsa shirye-shiryen rediyo ko talabijin. Dalilin na kimiyya ne. Zangon FM da na talabijin da na wayar salula suna tafiya ne kusan a miƙe, kamar hasken fitila, ga shi kuma duniya a lanƙwashe take. Mutumin da ke tsaye a fili yana hangen kusan kilomita 5 kafin ƙasa ta kare masa gani. Idan ya hau mita 100, hangensa zai kai kimanin kilomita 36. A mita 400 zai kai kusan 71. Sai an ninka tsawo sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, shi ya sa injiniya ya gwammace ya ɗora eriya a kan dutse da ya gina ƙarfe mai tsawon da ba zai iya biya ba. Gajeren zango, wanda Sashen Hausa na BBC ya dogara da shi tun 1957, bai damu da dutse ba, domin saƙonsa yana haurawa sama ne ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. FM kuwa tana buƙatar tudu.

Inda aka kafa turke, sai an yi hanyar da za a kai masa mai da kayan gyara, kuma ana hango shi daga nesa. Hanya da alama su ne abin da mai tattaki ke bukata. A Abuja, Dutsen Katampe, inda gidan rediyon Aso FM yake, yana cikin tuddan da masu motsa jiki ke hawa a ƙarshen mako. A Kano, Dala da Goron Dutse suna fuskantar juna, mai sha'awa kuma yana iya hawa Dala ta matakala ya kalli birnin da kewayensa.

Sai dai tudun da ya dace da eriya shi ne kuma ya dace da mai bindiga da mai leƙen asiri. Dutsen Brocken, mai tsawon mita 1,141 a tsaunukan Harz na Jamus, misali ne mai kyau. An gina hasumiyar talabijin a kansa a shekarun 1930, kuma tun kafin nan wurin yawon jama'a ne. Bayan an raba Jamus biyu, dutsen ya faɗa ɓangaren Gabas, dab da iyaka. A 1961 aka rufe shi, aka mayar da shi yankin soja, inda Tarayyar Sobiyet da 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas suka girke na'urorin satar sauraro. Shekara 28 mazauna ƙauyukan gindinsa suna kallonsa ba su da ikon hawa. Ranar 3 ga Disamba, 1989, makonni kaɗan bayan faɗuwar katangar Berlin, ayarin jama'a ya hau a ƙafa har ƙofar shingen, ya tsaya sai da aka buɗe. Mutanen yankin ba su gamsu cewa al'amura sun sauya ba sai da suka taka ƙolin dutsensu da ƙafafunsu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Inda ginshiƙan uku suka rushe

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin darajar tudu. Dala, Kufena ta Zazzau, Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bungudu, duk matsugunai ne da aka kafa a jikin duwatsu saboda kariya da ruwa da ibadar mutanen da. Anka kanta ta zama mazaunin Sarkin Zamfara ne bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, gidan sarautar ya yi ta ƙaura kafin ya zauna a can. A zamanin yaƙe-yaƙe mutane kan gudu kan dutse, idan lafiya ta samu su sauko fili su yi noma. Yau abin ya juya: talaka ya taru a cikin gari, daji da tuddansa sun koma hannun masu makami.

A farkon Janairun 2022, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kusa 200. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da aka tasa. A wurare da yawa manomi ba ya zuwa gonarsa sai ya biya harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyensu. Wanda bai iya zuwa gona ba, ba a maganar yawon buɗe ido da shi. Ginshiƙin farko ke nan.

Na biyu, amana, ya fi wuyar gyara. Kalmar infoma ta shiga bakin kowa, kuma zargi kaɗai ya isa ya jawo wa mutum halaka. Saurayin da aka gani a bayan gari yana duba waya, yana ƙirga taku, yana leƙa ƙarƙashin dutse, ba wanda zai ɗauka wasa yake yi. Ko dai a ce yana kai rahoto ga ɓarayin daji, ko ga jami'an tsaro, ko kuma a ce zinariya yake nema.

Zinariyar ce ta kai ga ginshiƙi na uku. A wannan yanki, abin da ke ɓoye a ƙasa ya riga ya ci rayuka. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gidaje a daka, a niƙa, ƙurar ta bi ƙasan tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Bagega: sama da yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙarta da ta'addanci, ba a ɗage haramcin ba sai Disambar 2024. A ƙarshen wannan shekarar kuma aka samu fashewar bama-baman da aka dasa a hanyar Ɗansadau. A irin wannan yanayi, akwatin da aka ɓoye a gindin dutse abin gudu ne, kuma mai gudun yana da gaskiya.

Su ma turakun sadarwa sun shiga rikicin. A farkon Satumbar 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin jihar. Makonni suka shuɗe ƙarfen sabis yana tsaye ba ya magana, mutane suna tafiya har wasu jihohi don su kira 'yan'uwa ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Abubuwa biyu ne ba su mutu ba a lokacin: rediyo, da GPS. Dukansu saƙo ne da ake karɓa kawai, ba sa buƙatar kati ko sabis. Wayar da ta kasa kiran maƙwabci tana iya faɗin ainihin inda mai ita yake tsaye.

Ga mai cewa wannan zancen ƙoshi ne

Mai karatu yana da hujja idan ya ce wanda ke neman abin da zai ci ba ruwansa da hawan dutse don nishaɗi, kuma wallafa lambobin wurare a intanet a yankin da ake garkuwa da mutane ganganci ne. Duka biyun gaskiya ne. Duk wanda zai ba matasan Bukkuyum shawarar su fita daji neman akwati a yau, bai san Bukkuyum ba.

Amma ƙarƙashin wasan akwai wata sana'a da yankin ke matuƙar buƙata, wato sanin wuri daidai, da sunansa, da tarihinsa, da ajiye wannan sani inda ba zai ɓace ba. An ga amfaninta a yaƙi da cutar shan inna. Lokacin da aka fara bai wa masu rigakafi a jihohin Arewa wayoyi masu GPS, aka kuma zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, sai aka gano rugage da tungaye da ba sa cikin jerin da ma'aikata ke bi. Wannan yana cikin abin da ya taimaka har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka.

An kuma ga amfaninta a aikin kwashe dalma. A ƙauyukan da abin ya shafa, an kankare saman ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, aka kai gurɓatacciyar ramuka na musamman aka binne. An yi wa Bagega wannan aiki a 2013. Dalma ba ta ruɓewa. Tana nan a ramukan, kuma za ta kasance a nan bayan duk wanda ya ga aikin da idonsa ya bar duniya. Idan ƙauye ya tashi na shekara goma, dattawan da suka san wuraren suka rasu a gudun hijira, wa zai hana jikokinsu su yi gona ko su haƙa rijiya a kan ramin?

Haka zancen yake game da iyakokin gonaki, da maƙabartu, da tsofaffin rijiyoyi, da burtali da mashayar dabbobi. Cinye burtali da wuraren kiwo yana cikin abubuwan da suka haddasa rikicin tun farko. Wannan sani ba a rubuce yake ba. Yana cikin kan manoma, da mafarauta, da makiyaya, da masu unguwanni, kuma ana gadonsa ne ta hanyar tafiya: yaro ya bi mahaifinsa, a nuna masa tsamiyar da ta raba gonarsu da ta maƙwabci. Yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira a Anka bai taɓa ganin tsamiyar ba. Ranar da aka koma gida, rigimar fili ce za ta tarbi mutane, kuma daga irinta aka fara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da za a iya farawa yanzu

Ba sai an jira daji ya lafa ba. Cikin garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum akwai wuraren da suka isa a gina darasi a kansu: fada, tsofaffin masallatai, marina, maƙera, kasuwa, bakin gulbi. Malamin labarin ƙasa a makarantar sakandare yana iya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni lambobin wuri, su nemo shi da waya guda. Ba a buƙatar ɓoye akwati. Ajiyar ita ce amsar tambaya: wa ya haƙa wannan rijiya, me ya sa ake kiran wannan unguwa da wannan suna, ina ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta gabata? Dole ɗalibi ya durƙusa gaban dattijo ya tambaya, ya rubuta. A Gummi, inda ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a daminar 2024, taswirar da ke nuna iyakar da ruwa ya kai a kowace unguwa ta fi ƙarfin wasa.

Mataki na biyu na masarautu ne da ƙananan hukumomi. A zauna da dattawan ƙauyukan da aka tasa tun suna raye, a ɗauki bayanansu kan iyakoki da rijiyoyi da maƙabartu, a daidaita su da hotunan tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta. A yi haka da ardo-ardo da dattawan Fulani game da burtali da mashaya, da sunayen da su suke kiran wuraren, domin taswirar da ɓangare ɗaya ya zana takardar ƙara ce. Kada a ɗora bayanan a intanet inda kowa zai gani. A ajiye su a fada da sakatariya da ma'aikatar filaye, a takarda da kuma na'ura. Lambobin ramukan dalma kuwa ya kamata kowane dagaci da kowane ma'aikacin lafiya na yankin ya riƙe su, a kuma kafa musu alama ta siminti da ba ta gogewa.

Na uku ya shafi turakun kansu. Duk lokacin da za a ba kamfanin waya ko gidan rediyo fili a kan tudu, a rubuta cikin yarjejeniya cewa shinge zai tsaya a kewayen na'urori ne kawai, hanya da ƙolin tudun kuma na jama'a ne. Sharaɗi ne da ba ya cin ko kwabo a yau, amma idan ba a rubuta shi ba, ranar da lafiya ta samu za a tarar an kulle wuri mafi kyau a garin.

Na ƙarshe na gwamnatin jiha ne. Tun Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, ana kuma ci gaba da kashe kuɗi masu yawa a harkar tsaro. Jama'a suna da haƙƙin sanin abin da kuɗin ya sayo, a ma'aunin da za su iya tabbatarwa da kansu. A riƙa bayyanawa, gunduma-gunduma, kilomita nawa daga gari manomi ke iya zuwa ba tare da biyan haraji ba, ƙauyuka nawa suka koma, makarantu nawa suka iya fita da ɗalibai bayan gari a zangon karatu. Ana iya ƙara wa adadin gawarwaki sifiri a takardar manema labarai. Ba a iya tilasta wa uwa ta bar ɗanta ya hau dutsen da ta san akwai mutane a bayansa.

Ranar da uwayen Anka suka yarda da wannan fita, suka ɗaura wa yara ƙuli-ƙuli da gorar ruwa suka sallame su, ba za a buƙaci sanarwar kowa ba kafin a san lafiya ta dawo. Kafin wannan rana, aikin da ke gaban masu ilimin yankin shi ne su tabbatar yaran sun san sunan dutsen da hanyar da ake bi a kai gare shi.